Dutsen da Ka Kawo Daga Damargu

Assalamu alaikum Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinka, 'yar farinka ce ke rubuto maka, wadda kunyar Fulani ta hana ka kiran sunanta har ka koma ga Allah.

Maganar dutsen nan ce ta kawo ni.

Ka tuna daminar da ka haura da shanu arewa, ƙasar Damargu? Sauran makiyaya suka dawo da kanwa da cuku, kai kuwa ka dawo da dutse a aljihu, naɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Ka zauna a kasuwar Kanya Babba kana cewa dodon koɗi ne ya koma dutse, kuma tunda ga su nan birjik a kan tudu, lallai ruwan teku ya taɓa kwanciya a wurin. Teku, a ƙasar da sai an haɗa igiya uku guga ke taɓa ruwa! Aka yi ta dariya, aka laƙaba maka Mai Teku.

Ba ka iya miƙo mini shi da hannunka ba. Inna ka ba, ka ce, "A ajiye wa mai karatun nan."

A makarantarmu ta Babura sai aka koma ce mini 'yar Mai Teku. Ranar da abin ya ishe ni, na dire dutsen a gabanka kana tufka, na ce ka daina ja mana abin kunya. Ko ɗago kai ba ka yi ba. Daga nan dutsen ya koma danne faifan ƙwaryar nonon Inna, saboda kyanwa.

Baffa, na koma karatu a Kazaure da tsohon cikina. Rannan malamin labarin ƙasa ya buɗe akwati ya fito da ɗan'uwan dutsenka, sak. Ya ce sunansa amonait, wata halittar teku ce da irinta ya ƙare ƙaf tun kafin zuwan ɗan Adam, kuma inda duk aka same shi, teku ya taɓa rufe wurin. Har Damargu ya ambata. Ni dai na kifa kai a kan benci na yi ta kuka, 'yan aji suna zaton naƙuda ce.

Na je gida na ɗauke shi daga kan faifai. Inna ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce har cikin ciwon ajalinka kana hana a yar da shi, kana cewa, "Na mai karatu ne, za ta dawo ta ɗauka."

Na dawo, Baffa, amma na makara. Ka yafe mini. Ina kewarka, kai da shirun nan naka.

Na haihu, namiji, an mayar da sunanka. Ka san ba zan iya kiran sunan ba, dole a nemi na alkunya. Dangi suka ce Abba, wasu suka ce Khalifa. Na ce a'a. Jiya na ratsa kasuwar Kanya Babba da shi a goye, tsofaffin abokanka suka tambayi yadda ake kiransa. Na ɗaga murya yadda har rumfar mahauta za a ji, na ce Mai Teku. Babu wanda ya yi dariya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya ba takwaranka idonka da haƙurinka.

Taka har kullum,
'Yar Mai Teku, kuma uwarsa.