Takalman Baba Suna Ƙarƙashin Gadona

Gwaggo, sallama da fatan kina lafiya. Don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin ƙarshen makon nan. Abin da idona ya gani a asibiti, gidanmu ya dare biyu a kansa.

Mahaifinmu mai gyaran keken ɗinki ne. Ya haura saba'in, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya hau abin hawa zuwa inda ƙafa za ta iya kai shi ba. Jakar kayan aiki a kafaɗa, 'yar kwalbar mai a aljihu, haka yake bin shagunan teloli layi-layi. Mu 'ya'yansa in muka jera da shi haki muke yi, shi kuwa yana mana dariya wai ƙafafunmu na ado ne. To, sanyi ya kama masa huhu, zazzaɓi ya yi tsanani, aka ba shi gado. Da ƙafarsa ya shiga asibitin nan, Gwaggo, har ya tsaya yana yi wa mai gadi faɗa a kan ƙofar shiga da ke ƙara, wai an bar ta ba mai.

Washegari ya tashi shi kaɗai zai zaga bayi, jiri ya ɗebe shi, ya zube a bakin ƙofa. Allah ya taƙaita, goshi kawai ya kumbura. Amma mun razana ba kaɗan ba, domin mahaifiyarmu ta rasu, shi kaɗai ya rage mana. Nan take babban yayanmu ya tara mu ya kafa doka: ƙafar Baba ba za ta sake taɓa ƙasa ba sai ya warke sarai. Mun san halin Baba, magana ba ta zaunar da shi. Amma mun san kuma mutum ne mai ƙyanƙyami, ko gobara ake yi ba zai taka daɓen asibiti ba takalmi ba. Sai na kwashe takalmansa na kai gidana, na tura su ƙarƙashin gado. Muka tsara jinya bi da bi. Abinci a baki, ruwa a baki, a goge shi da tawul yana kwance, a ja labule a kawo masa fo. Ko filo zai gyara, hannuwanmu sun riga nasa. Nas-nas sun sha cewa mu zaunar da shi a kujera, mu ce to, suna ba da baya mu ƙara ja masa bargo. Ni a zuciyata har alfahari nake yi, ina cewa duk ɗakin nan babu tsohon da ya kai namu gata.

Shekaranjiya da safe na zo da kwandon abinci, lokacin ya yi sati biyu da 'yan kai a kwance, sai na tarar da gado wayam. Na ɗauka ta Allah ce ta kasance aka ɓoye mini. Na fito baranda a gigice. Can jikin bango na hango wani tsoho a ranƙwafe, hannu ɗaya a kan ƙarfen ƙarin ruwa, likitar motsa jiki ta riƙe ƙugunsa, a ɗaya gefen kuma matar ƙanina, wadda har yau muke ce wa Amarya duk da 'ya'yanta sun shiga makaranta, tana tafe ƙafa ba takalmi. Tsohon nan silifa ce ta mata a ƙafarsa, ruwan hoda, mai fure a sama, rabin duddugensa a ƙasa. Wallahi sai da na sake dubawa kafin na gane Baba ne. Kwandon ya suɓuce daga hannuna ban sani ba.

Ban san wanne ya fi kaɗa ni ba, silifar ko ƙafafun. Ƙwaurinsa ya tsotse kamar kara, gwiwoyi sai karkarwa suke. Mutumin da ke karaɗe gari a wuni ɗaya ya kasa kaiwa tagar ƙarshen baranda, sai da aka turo masa kujera, yana haki zufa na tsiyaya. Na rufe Amarya da faɗa a gaban mutane, na faɗi abin da bai kamata ba. Ta ce shi ya roƙe ta. Wai likitar ta sha zuwa, kullum sai ya ce mata ba shi da takalmi, ranar nan kuwa ya dubi ƙafar Amarya ya ce ta ara masa nata. Baban da ko hular wani bai taɓa ara ba! Likitar ta ce mini huhun ya kusa warkewa, kwanciyar ce ke cinye masa ƙafa. Ban ma tsaya na gama ji ba.

Da Yaya ya ji, kamar zai ci babu. Ya ce ganganci ne, an tozarta dattijo a bainar jama'a, kuma in ya sake faɗuwa ya karye, wa zai ɗauki alhaki? Har ya samo wani asibiti inda wai ake barin mara lafiya ya huta, yana so a mayar da Baba can ƙarshen mako. Ni yake jira in goya masa baya, domin ƙannenmu duk bakina suke kallo. Baba kuwa tun ranar bai ƙara ce mini uffan ba. In na miƙa cokali sai ya kau da kai. Magana ɗaya ya yi, ita ma bango ya kalla ba ni ba, wai wanda ya ɗauke masa takalmi ya shirya tura shi a keken guragu har iyakar ransa.

Gwaggo, mu ne muke nakasa shi, ko su ne suke wasa da ransa? In na mayar da takalman ya faɗi, Yaya ba zai yafe mini ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. In na riƙe su, ina tsoron maganar Baba ta tabbata. Na rasa abin kamawa.

'Yar mai gyaran keke

AMSAR GWAGGO

'Yata, share hawayenki. Tsoro ne ya sa ki ɗauke takalman nan, kuma tsoron yana da tushe. Yayanki bai yi ƙarya ba: faɗuwar tsoho ba abin wasa ba ce, karayar ƙugu ta kwantar da dattawa da yawa. Silifar nan ma da ta firgita ki, ta cancanci ta firgita ki, domin takalmin da ba ya riƙe dudduge shi kansa yana kayar da mutum. Sai dai ki tuna dalilin da ya sa aka kai ga silifar Amarya. Takalmin da ya dace yana gidanki.

Ni ba likita ba ce, amma abin da likitar nan ta faɗa miki gaskiya ne, kuma sananne ne ga masu jinyar tsofaffi. Jikin dattijo yana zubar da ƙarfi da sauri in ya daɗe a kwance, dawowarsa kuma a hankali take. Doguwar kwanciya tana iya jawo gyambon baya, taurin ciki, daskarewar jini a ƙafa, har da taruwar majina a ƙirjin da kuke so ya warke. Kun gudar masa faɗuwa ɗaya, amma ƙafar da ta raunana ta fi saurin kayar da mai ita. Ki tambayi mahaifinki abin da ke samun keken ɗinkin da aka lulluɓe aka ajiye don kada ya lalace. Ya fi ni sanin amsar.

Maganar sauya asibiti, kada ki goyi bayanta. Duk asibitin kirki abin da za su ce ke nan, wanda kuma zai bar shi a kwance don ya faranta muku, ba taimakonsa ya yi ba. Amma kada ki tari Yaya da gardama. Ki ja shi ku zauna tare da likitan da ke duba Baba da likitar motsa jikin, ya fito da duk tsoronsa a gabansu. Ku tambaya me ya kawo jirin farko: zazzaɓi ne, ƙarancin ruwa a jiki, wani magani, ko saurin miƙewa? Ku tambaya wane motsi aka yarda ya yi yanzu, wanne ne sai da ma'aikaci a kusa, ko yana buƙatar sanda ko abin dafawa. Ku roƙi a nuna muku yadda ake riƙe shi, da idonku da hannunku.

Sannan ku juya tsarin jinyar nan taku. Yawanku arziki ne, kun dai kashe shi ne a inda bai dace ba. A mayar masa da cokalinsa, ya ci abinci a zaune a kujera. A kawo tufafinsa na gida da tabaraunsa in yana sawa. Kafin ya miƙe, ya zauna a bakin gado ƙafa a ƙasa har kansa ya daidaita. Bayi a raka shi in likita ya amince, fo ya huta. Tafiya kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni, ko da daga gado zuwa ƙofa ne, kuma kada ya taɓa tashi shi kaɗai, wannan sharaɗin shi ma dole ya karɓe shi. In ya ji jiri, ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, a zaunar da shi a kira nas. Yaya kuwa a ba shi aikin riƙe ƙugu. Mai tsoron faɗuwa ya fi kowa iya riƙo, kuma hankalinsa zai fi kwanciya in Baba yana hannunsa.

Ba zan yi miki alkawarin zai koma karaɗe gari kamar da ba, wannan yana hannun Allah. Amma tsohon da ya yarda ya sa silifa mai fure a gaban jama'a don kawai ya taka ƙasa, bai saduda ba, kuma wannan shi ne babban abin da kuke da shi. Ki je ki ba Amarya haƙuri a gaban waɗanda kika yi mata faɗa. Ta yi abin da 'ya take yi.

Gobe da safe ki jawo takalman nan, ki karkaɗe su ki goge. Kada ki aika kowa, ke kika ɗauke, ke za ki mayar. Ki durƙusa ki sa masa da hannunki, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki haɗa da 'yar kwalbar man nan tasa, ki ce masa ƙofar shiga har yanzu tana ƙara, shi take jira.

Allah ya ba shi lafiya, ya haɗa kanku, ya sa ya fita daga asibitin nan da ƙafar da ya shiga.

Gwaggonku