Karan da Ummaru Ya Zaro

Daga ƙaninka Isa zuwa ga yayana Mamman. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san babu manzon da zai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma ai ko da kana da rai ba ka cika barina in kai ƙarshen magana ba, to yau na samu inda ba za ka katse ni ba.

Ruwa ya sauka da wuri bana, gero ya tsiro da kyau. Goɗiyarka ta haihu. Rijiyar bakin masallaci da ka daɗe kana cewa za a yashe, an yashe ta. Hajo, uwar ɗanka Ummaru, lafiyarta ƙalau, sai dai ta daina amsa gaisuwata, kuma dalilin haka ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Saƙo ya zo daga hakimi cewa Nasara na neman mutanen da za su yi aikin hanyar jirgin ƙasa da ake ja zuwa Gusau, kowane gari ya ba da kasonsa. Ka san irin wannan saƙo, ka karɓi da yawa lokacin da kake riƙe da garin nan. Ka kuma san yadda kake yi. Sai ka aika rinji, wurin waɗanda iyayensu bayin gidanmu ne, a kwaso samarinsu. Ɗan cikin gari kuwa bai taɓa ɗora kwandon ƙasa a kansa ba.

Ka tuna gardamar da muke yi a kan wannan duk ranar da muka kama hanyar kasuwar Bungudu? Kai ka ce sarauta kiwo ce, makiyayin da kura ta tare sai ya ba ta akuya ɗaya ya tsira da garke. Ni in tambaye ka me ya sa kullum daga turke ɗaya ake kwance akuyar. Ka ce asali asali ne, Allah ne Ya fifita wasu a kan wasu. Ni in ce fifikon da aka karantar da mu na tsoron Allah ne, kuma tsoho Nasamu na rinji yana riga mu duka zuwa sallar asuba. Sai ka yi dariya, ka ce malantata ta yi yawa, ranar da rawani ya hau kaina zan san nauyinsa.

To ya hau, kuma gaskiyarka, yana da nauyi. Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba saboda kada kanka ya ƙara girma: ban ga wanda ya fi ka son garin nan ba. A shekarar yunwa garuruwa sun watse daga nan har Tsafe, namu bai watse ba, kuma kai ne sanadi. Ina kewarka, Yaya, har da dariyar nan taka mai ban haushi. Amma a kan maganar rinji ka yi kuskure, kuma mutuwarka ba ta gyara shi ba.

Da saƙon ya bazu, Nasamu ya zo zaure ya tuɓe takalma ya durƙusa. Babban ɗansa da ka sha aikawa ya dawo da tarin da ya kwantar da shi, ƙaramin ne ya rage mai riƙe fartanya. Bai roƙe ni in bar masa yaron ba, Yaya. Tambayata kawai ya yi wa zai nome masa gona in yaron ya tafi. Mutumin nan ya riga ya yarda cewa ɗansa ne abin bayarwa. Wa ya koya masa haka, in ba gidanmu ba?

Hana Nasara mutane ba shi a hannuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na karɓi rawani. Aikin nan zalunci ne, na sani. Amma in mai gari ya kasa hana kaya zuwa, ai yana iya hana a ɗora shi duka a kan wuya ɗaya. In ban iya ko wannan ba, mene ne amfanina? In karɓi gaisuwa in ci cinyar rago?

Saboda haka na sa aka yanka karan dawa, wasu masu tsawo wasu gajeru, aka zuba a jakar fata a ƙofar masallaci. Liman ya ce ƙuri'a halal ce. Kowane saurayi ya sa hannu ya zaro, na rinji da na cikin gari, har da na gidanmu, wanda ya zaro gajere shi ne zai tafi. Ɗan Nasamu ya zaro mai tsawo. Ɗana Sani ma haka. Ummaru ya zaro gajere.

Tun ranar ban huta ba. Dattawa sun ce ɗan mai gari ba ya haƙar ƙasa, a musanya shi da ɗan Nasamu kamar yadda da kai ne za ka yi, in na ƙi za su kai ƙarata wurin hakimi a tuɓe ni. Hajo ta aiko a tuna mini cewa kai da kanka ka sa hannun Ummaru a cikin nawa kafin ka cika, ta ce na ci amana. Wannan magana ta soke ni fiye da ta dattawa. Na yi niyyar tura Sani a madadinsa, sai na ga in mai gari ya musanya kara ɗaya yau, gobe wani zai musanya goma, kuma mun san daga wace unguwa za a cike gurbin. Shi ma Ummaru ya ƙi, ya ce da hannunsa ya zaro. Taurin kai dai naka ya gado.

Na yanke cewa waɗanda suka rage za su yi gayya a gonakin waɗanda suka tafi, ba a duba gonar wane ce ba. Rawani kuwa, in sun so su kwance shi, su kwance. Amma sai bayan mutanen da kara ya faɗa wa sun kama hanya.

Gobe zan raka su Gusau da ƙafata. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, domin ba duk wanda ya je aikin nan yake dawowa ba. In Allah Ya dawo mini da ɗanka, zan yi masa aure da kaka. In kuwa bai dawo ba, zai riga ni isowa wurinka, sai ka tambaye shi ko baffansa ya cuce shi. Duk abin da ya faɗa maka na yarda da shi. Amma ba zan je rinji in ɗauko ɗan wani ya mutu a madadin naka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta mana ni da kai.

Ƙaninka da har yanzu bai yarda da kai ba,
Isa