Zarton Baba a Shagon Malam Idi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya sanyin Jos? Muna lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Malam Idi mai tsofaffin kayan kafinta na Ƙofar Durbi ya rasu. Mutumin da ba ya sayar maka da zarto sai ya ga yankanka, yau 'ya'yansa sun kira masu sayen ƙarfe. Asabar za a ɗora komai a sikeli.

Zarton marigayi Baba na cikin tarin, tun da ka kai shi a wasa. Na duba, duk iri ɗaya nake gani. Wace alama ce a mariƙinsa? Daga Malam Idi sai kai kuka sani.

A sa Malam Idi a addu'a. Ka gaida Binta da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza