Kankana Mai Dariya

Litinin, 3 ga Maris

Zif ɗin jakar makarantar 'yata Lauya ya lalace, na tafi da ita shago in sauya. Ina zazzage littattafai sai ga wani abu ya faɗo kan keken ɗinkina. Ruwan hoda, tsawon yatsa, da hoton kankana mai ido da baki tana dariya. Ƙamshi kamar alewa. Na ɗauka man leɓe ne, har na ce oho, yarinya ta fara kwalliya a ɓoye. Na murɗa, bai buɗu ba. Na ce to turare ne, na yi ta neman wurin fesawa.

Na kai wa mai gyaran waya na kusa da ni, tunda na ga ramin caji a gindinsa. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Sigarin lantarki ne, zuƙarsa ake yi. A ina kika samu?" Na ce a hanya na tsinta.

Shekararta sha huɗu. Na koma na ɗinka wa wata hannun riga a juye.

Talata, 4 ga Maris

Na jira ƙanwarta Auta ta fita wasa, na ajiye shi a gaban Lauya. Na ce, "Naki ne?" Ta ce, "Mama, wallahi ban taɓa sha ba." Na ce to na waye? Shiru.

Shirun ne ya tsinka mini zuciya. Yarinyar da muka sa wa suna Lauya saboda ko wanke-wanke ka sa ta sai ta kawo maka hujja uku, yau an rasa bakinta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sake yin faɗa. Na ƙwace wayarta. Ko tari ba ta yi ba. Ni kuma ga ni nan ina kasa kunne in ji ko za ta yi tarin.

Babanta sai Asabar zai dawo, ya kai ma'aikatan kamfaninsu wani taro. Ban gaya masa a waya ba. Mutum yana tuƙi.

Laraba, 5 ga Maris

Na shinshina matashinta, rigar makarantarta, har da safa. Sabulu kawai. Kamar wata karya, ni da gidana.

Alhamis, 6 ga Maris

Na rufe shago da wuri na bi ta kantin da ke kallon ƙofar makarantarsu. Ga ire-irensa nan jere a gilas, tsakanin fensir da cingam. Mai mangwaro, mai lemo, wani da hoton kyanwa. A ƙasa-ƙasa aka jera su, daidai idon Auta in da ta zo.

Na tambayi mai kantin ko na yara ne. Ya ce, "Haba baiwar Allah, na manya ne, ga shi an rubuta." Sai da na ciro gilashin da nake zura zare da shi kafin na ga rubutun. Na ce masa, "Malam, wane babba mai hankali ne zai sayi abu da kankana tana masa dariya?" Ya ce shi dai sayarwa yake yi, ba shi ya zana ba, kuma ba ya tambayar kowa takardar haihuwa. Yara biyu masu kayan makaranta suna bayana suna jiran in matsa. Da gangan na ƙi matsawa har suka gaji suka tafi.

Abin da ya fi damuna, yadda zan gaya wa babanta. Bara ya sha wahala kafin ya rabu da taba, bayan tarin nan da ya kwantar da shi. A gaban yaran ya yi alkawari. Na yi ta yi wa 'yan'uwana fariya da shi. Yanzu in ce masa 'yarsa ta ɗauka daga inda ya ajiye?

Juma'a, 7 ga Maris

Ba ta ci abincin kirki ba. Ni ma haka. Auta ce kaɗai ke cin rabon mutum uku.

Asabar, 8 ga Maris

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta, har yanzu dariya nake yi ni kaɗai kamar wadda ta zare.

Baban Lauya ya dawo da hantsi. Ko ruwa bai sha ba sai na gan shi a falo yana ɗaga kushin ɗaya bayan ɗaya, ƙaton mutum ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin kujera. Na ce, "Baban Lauya, me ya ɓace?" Ya ce makulli. Makullin yana hannunsa.

Ban kawo komai a raina ba, wallahi. Na ce ya zauna akwai magana mai nauyi. Na kira Lauya, na ciro abin daga aljihuna na ajiye a tebur, na fara jawabin da na kwana biyu ina shiryawa. Ban kai rabi ba na lura ba yarinyar yake kallo ba, kankanar yake kallo, da irin kallon da ake yi wa ɗan'uwa da ya dawo daga tafiya.

Lauya ta ce, "Baba, ka faɗa mata mana. Na gaji."

Nasa ne. Mai gashin baki, mai tuƙa babbar mota, mai furfura a gemu. Shi ne babban mai hankalin da nake tambayar mai kanti.

Na zauna a hannun kujera. Ya kamata in yi fushi, na san ya kamata. Amma abin da ya fito daga bakina dariya ce, har da hawaye. Huhun 'yata lafiya lau. Sauran duk mai sauƙi ne.

Da na nutsu na ce, "Ina alkawarin?" Ya gyara zama ya ce shi taba ya ce ya daina, kuma tun ranar bai sake taɓa taba ba, wannan tururi ne. Ashe lauyancin gado ta yi. Na ce to me ya sa ruwan hoda? Ya ce shi ne a gaba-gaba, kuma kunya ta hana shi tsayawa zaɓe a cikin 'yan makaranta.

Sai Lauya ta faɗi sauran. Ranar Lahadi bayan ya tafi, ta shigo falo ta tarar da Auta ta zaro shi daga cikin kushin, tana lasar bakinsa, wai alewa ce mai wuyar buɗewa. Ta fizge ta jefa a jakarta. Ta san na Baba ne, ta taɓa ganinsa da shi a mota. Ta yi shiru ne don kada in ji ya karya alkawari mu yi rigima.

Nan dariyar ta tsaya. Shi kuma bai sake cewa tururi ba. Ya kira Auta ya ɗora ta a cinya, ya buɗe bakinta yana dubawa, kamar zai ga wani abu bayan kwana shida.

Lahadi, 9 ga Maris

Na mayar mata da wayarta. Na ce ta yi haƙuri. Kalmar ta yi mini nauyi a baki, amma ta fita.

Bakin Lauya ya dawo, har ya yi yawa. Ina guga tana zuba. Wai a ajinsu masu shi sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, a jakar fensir suke ɓoyewa, malamai na ɗauka biro ne. Wata in ba ta zuƙa ba kafin jarrabawa hannunta rawa yake yi. Na ce ke an taɓa miƙo miki? Ta ce, "Sau nawa! Ni kuma in na gan shi Baba nake tunawa yana ɓuya a mota, sai abin ya ba ni dariya." Ban san ko in gode wa mutumin nan ba ko in jefe shi da dutsen guga.

Talata, 11 ga Maris

Baban Lauya ya ce ya zubar da shi. Na ce na ji. Yana ta cin cingam kamar akuya, kuma kowa ya yi magana sai ya hau shi da faɗa, saboda haka wataƙila gaskiya ne. Da kansa ya je wurin shugabar makarantar kan kantin nan. Da na so in ga fuskarsa yana bayanin yadda aka yi ya san kalolinsu duka.

Mai kayan marmari ya yi mini tayin kankana, na ce a kai kasuwa.

Alhamis, 13 ga Maris

Zif ɗin ya sake buɗewa. Laifina ne, ranar da na sa shi hankalina ba ya jikina. Da safe ta ajiye mini jakar a kan keke, cike da kaya, za ta wuce. Na ce ta dawo ta kwashe kayanta da kanta tukuna. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Mama, ki duba mana, ba komai a ciki."

Na ce ni tela ce, zif aka kawo mini.

Ba wani abu ba ne, zare nake zurawa a lokacin. Na dai juya mata baya har ta gama.