Zuwa Ga Habibu, Da Ya Riga Ni Adana Gonar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Abuja, kai da abokan aikinka. Nan Bagwai kowa lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Na ga bidiyon da ka ɗora. Na rubuta "Masha Allah" kamar kowa. Sauran maganar ita ce wannan, a fili kuma zan yi ta, don in na kira ka dariya za ka sa ni, in kasa faɗa.

Ka tuna yadda muka fara haɗa wasan noman nan na waya a zauren gidanmu, da tsohuwar kwamfutar yayanka? Ba mu iya rubuta wa kwamfuta umarni ba, sai muka samu manhajar da ake jera akwatuna ana haɗa su da zare: wannan ya ce a shuka, wancan ya ce ruwa ya sauka. Kai kake zana awaki da rumbu, ni nake jan zaren.

Inna muka fara sa wa a waya. Ta yi noma har ta tara damma, caji ya ƙare, da aka kunna ba komai sai fili. Ta miƙo mana wayar ta ce, "Wace irin gona ce wannan, kullum sai an sake shuka?" Nan muka gane sai wasan ya iya adana inda mutum ya tsaya, ya kuma dawo masa da shi.

Ranar da na raka ka tashar mota za ka tafi Abuja, da bakinka ka ce, "Adanawar nan taka ce, ba zan taɓa ba."

Na riƙe maganar. In na dawo daga gona, hannuna na zogin fartanya, sai in zauna in haɗa akwatuna har cajin sola ya gaza. Adanawa ta yi. Dawowar ce ta gagare ni. In na buɗe, awaki su bayyana a saman rumbu, geron da ya nuna ya koma tsiro. Na so in tambaye ka, girman kai ya hana.

Sai ga ka a bidiyo, kana kashe wasan kana kunnawa, komai na nan daram. Ga wani Fahad a gefenka, wanda ka ce tare kuka yi aikin. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Mutumina ne ya gano bakin zaren."

Habibu, na yi kishi. Na yi kishin wutarku da ba ta ɗaukewa, da kujerar nan mai juyawa. Amma duk wannan da sauƙi. Kalmar "mutumina" ce ta tsaya mini a rai. Ni kake kira da ita tun muna firamare.

Duk da haka na sauke naku na sa wa Inna. Ta shuka, ta kashe wayar da gangan, ta je ta yi la'asar. Da ta dawo ta tarar da geronta a tsaye, ta daɗe tana sa maka albarka. Ina gefe ina cewa amin, kaina a ƙasa. Ba ta san nawa na cikin kwamfuta, saura kaɗan ba.

Aikinku ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Roƙona dai kada ka turo mini yadda kuka haɗa shi. Na san halinka, kana gama karanta wannan za ka turo. Ka bar ni da nawa zuwa kaka. In ka zo, ka zauna a zaure ka buɗe shi da hannunka, ko da a karkace yake.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya kare ka a garin mutane, Ya sa Fahad ya riƙe ka da amana. Ni kuma Allah Ya wanke mini zuciya, don ban saba jin nauyi ba in an yabe ka.

Naka, wanda har yanzu bai sake kiran kowa mutumina ba,
Sagir