Turken Ƙarfe a Gonar Baba

Ajlun, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Mifleh,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummu Nayef da yara. Yaya zafin Kuwaiti? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata. Inna tana gaishe ka.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Na'urar neman ƙarfen da ka aiko ta iso, ni kuma na karɓo kwafin taswirar awon gonaki ta 1938 daga ofishin filaye. Ta nuna masu awon sun binne turakun ƙarfe a kusurwoyin gonarmu huɗu. Na gabas ne ya dame mu, tsakaninmu da maƙwabcinmu Fandi. In na tono shi a gindin tarin duwatsun da Baba ya nuna mana tun muna yara, layin zaitun goma sha ɗayan nan da Baba ya shuka namu ne, sai Fandi ya nemi wani wurin ya gina katangarsa.

Aikin ba yadda kake hango shi daga ɗakinka mai sanyi yake ba. Hanyar da ke cikin taswirar an zuba mata kwalta an kauce da ita, ɓauren da ta nuna ya mutu, rafin ma ya canza kwana. Tsohuwar rijiyar Rumawa ce kaɗai ba ta motsa ba, to daga bakinta nake jan igiyar awo. Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa, ban san taswira tana sa ciwon baya ba sai yanzu. Abin da na tono zuwa yau: gwangwanin kifi goma sha tara, ƙarfen kofaton alfadari, da cokali.

Gari kuwa ya gama yanke hukunci, wai zinariyar Turkawa nake nema. Jiya mai shago ya ce, "Malam Ukla, in tulun ya fito kar ka manta da mu da muka sha bulalarka."

Fandi yakan zauna a kan dutse yana kallona. Kakansa da kakanmu ciki ɗaya, amma wata takwas ke nan ko sallama ba ta haɗa mu. Na gaji, Mifleh.

Ka gaida kowa da kowa.
Yayanka, Ukla

Ajlun, 2 ga Oktoba

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan tarin Nayef ya tafi.

Ka ce in manta da abin da na faɗa maka a waya. To ga shi a rubuce. Na sami turken ranar Laraba da hantsi, Fandi ya tafi kasuwa. Ƙarfe ne mai kusurwa, tsatsa ta ci shi, an dasa shi cikin siminti, zurfinsa kamu ɗaya. Ba a gindin duwatsun Baba yake ba. Yana ta wajenmu da mita bakwai. Na auna daga rijiya sau uku, na sake daga turken kudu, lissafin bai yi mini alfarma ba. Zaitun ɗin gaba ɗaya a ƙasar su Fandi suke.

Na mayar da ƙasa na rufe, na tattaka wurin da ƙafa kamar wanda ya yi sata.

Shawararka na ji ta: in tumɓuke shi in matsar, wa zai sani? Ba zan ɓoye maka ba, na sayo ƙaramin buhun siminti, yana cikin but ɗin mota kwana shida. Kowace safiya sai in buɗe in kalle shi in rufe. Kai kana can kana ba da umarni, ni ne nan nake wuce kabarin Baba in za ni masallaci. Ban san wanne ya fi nauyi ba, in ce wa mutane Baba ya ci iyaka, ko in ci ta da hannuna don kada a ce ya ci.

Inna ta fara wanke garwanin mai, tana jiran ruwan farko a kaɗe zaitun. Ban gaya mata ba.

Naka, Ukla

Ajlun, 20 ga Oktoba

Ƙanena Mifleh,

Ina gaishe ka da iyali. Ka karanta wannan a zaune.

Inna ce ta tare ni. Ta ce, "Kai, kwana nawa kana juya cokali a tasa ba ka ci? Ka sami ƙarfen ko?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Rufe mini baki. Ni na kwaso wa babanku duwatsun nan a ka, ina ɗauke da cikin Mifleh."

Shekarar da uban Fandi ya tafi soja ne Baba ya matsar da iyakar. Baki tara a gida, gonar ba ta ciyar da mu. Baba ya ce aro ne, in an sami sarari zai mayar. Itatuwan suka yi girma, maganar ta yi wuyar faɗa, har ya rasu. Ta ce shekara goma sha biyu ke nan ba ta taɓa yi masa addu'a ba tare da mita bakwai ɗin nan sun tsaya mata a rai ba.

Na ce bari in tara dattawa su je roƙo kamar yadda aka saba. Ta ce dattawa ba su ɗauki dutse ba. Ta sa baƙar rigarta mai aiki, ta dafa kafaɗata, muka taka zuwa gidan Fandi. Tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, ta shiga zauren maza ta zauna.

Aka zuba mata gahawa. Ta karɓi finjalin ta ajiye a ƙasa ba ta kurɓa ba, ka dai san al'adarmu, mai roƙo ba ya sha sai an biya masa bukata. Fandi ya duba finjalin, ya dube ni. Ya ce, "Inna, ke ma? Me ya yi zafi?" Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da siminti na, wanda ban san ta gani ba. Ta ce, "Ba itace na zo roƙo ba. Mijina na zo roƙo."

Gahawar ta huce a gabanta. Can Fandi ya ce, "Ubana ya mutu yana cewa gonarsa ta tsuke, muna yi masa dariya wai tsufa ne." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Mamaci na yafe masa, duniya da lahira. Itatuwan kuma nawa ne, har da amfanin bana. Sha gahawarki, Inna."

Ta shanye ta da sanyinta.

Na san za ka yi faɗa, ka yi. Ka sallami lauyan da ka ɗauka kan maganar gonar. Ranar Asabar za mu tone turken a gaban shaidu. Inna tun ranar tana cin abinci kamar budurwa, jiya har waƙa na ji tana yi a madafa. Da safe ta sa na loda garwanin da ta wanke na kai wa matar Fandi. Ta ce layin gabas yana ba da mai da yawa, nasu ba za su isa ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayanka mai ƙaunarka, Ukla