Ƙafar da Ke Buga Kik

Litinin, 6 ga Mayu
Na kammala sabis. Sabon baƙin mai, sabon fulogi, na kwance kafireto na wanke shi tas. Jar Guzzi, babur ɗin da mahaifina ya bar mini, sai ƙyalli take a gareji, amma na buga kik har na jiƙe da gumi, ko tari ba ta yi ba. Ranar Lahadi 19 ga wata Fada Anselmo, limamin cocinmu, zai sa wa babura albarka a cocin kan tsauni. Tun ina saurayi ban taɓa fashin hawa can a kanta ba, kuma bana ma ba zan fasa ba.

Laraba, 8 ga Mayu
Fulogin nan ban yarda da shi ba. Mutumin da ya sayar mini a kasuwar tsoffin kaya ya cika murmushi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na canza fulogi. Shiru. Ermanno, maƙwabcina, ya leƙo ta kan shinge da kofin kofi a hannu, wai "Gualtiero, ko dai a sayo mata sandar dogarawa?" Na ce ya je ya shayar da tumatirinsa. Ya daɗe yana kwaɗayin babur ɗin nan, kuma ya san inda nake rataye makullin gareji. Sifana mai lamba goma ma ba a inda na bar ta na same ta ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Na sa wa gareji sabon kwaɗo. Nives, matata, ta tambayi dalili, na ce ɓeraye. Ta ce, "Ɓeraye masu makulli?" Ita ma fa tun da aka yi mini aikin gwiwa bara take cewa mai zuwa coci a mota ma albarkarsa ɗaya. Na lura kwana biyun nan fara'arta ta yi yawa. Na shinshina tanki ko an zuba ruwa. Fetur ne zalla. Haushi ya hana ni cin polenta, tuwonmu na masara.

Talata, 14 ga Mayu
Wuta na zuwa, mai na sauka, bawul daidai. Na sake kwance komai na mayar. To wa ke yi mini wannan?

Juma'a, 17 ga Mayu
'Yata Ilaria ta zo daga garin Lecco. Na zayyana mata duk waɗanda nake zargi, har da uwarta. Ta gama saurara, sannan ta ce, "Baba, ɗan matsa." Ta buɗe mai, ta lalubo inda fistan ke tauri kamar yadda na koya mata tana yarinya, ta ɗaga jikinta ta sauke nauyinta duka a kan kik.

Bugu ɗaya. Garejin ya ɗauki ƙara, tum, tum, tum.

Na ce ai ni na ɗumama mata injin. Ta kashe, ta ce in gwada. Na taka, gwiwata ta lanƙwashe tun kafin kik ya kai rabi. Ilaria ta juya tana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Kunya ta kama ni, sai baƙin ciki ya biyo baya, wanda ya fi kunyar nauyi.

Lahadi, 19 ga Mayu
Mun hau. Ita ta tuƙa. Na zauna a baya ne kawai don in saurari injin da kyau, daga gaba iska ba ta bari a ji. Fada Anselmo ya yayyafa mana ruwa, ya tambaya wane ne mai babur ɗin. Ban san lokacin da na nuna Ilaria ba.

A gangara tana sauya giya da wuri fiye da yadda nake so. Na dai ƙara riƙe ta.